Direban da Ya Mutu a Littafi

"Ni fa ban taɓa kai ƙarshen littafin Jibril Gado ba. An aiki mutum ya ɗauko labarin girbi, ya dawo yana ba ka labarin ciwon cikinsa."

"To ai nan daɗin yake, mutumina. Sauran 'yan jarida rubutu suke kamar masu karanta sanarwar gwamnati."

"Mashayi ne fa."

"Mun sani. Shi da kansa ya rubuta."

"Amma babin mutuwar direban nan, wallahi duk wanda ya karanta bai yi ƙwalla ba, a duba ƙirjinsa."

"Rage murya. Ga direban can yana shan shayi."

Can ɗin kuwa, a ƙarshen benci a rumfar mai shayi ta kasuwar Gadarif, Jatau ne zaune yana hura kofinsa. Ya ji su sarai. Shekara da shekaru ke nan yana jin ana yabon mutuwarsa, har ya iya sauraro ba tare da shayin ya sarƙe shi ba.

A nan Gadarif, garin noma da ke can gabas da Khartum, aka haife shi. Kakansa ya taso daga ƙasar Haɗeja da niyyar Makka, damina ta tare shi a nan, ya ce bari ya yi noma ɗaya ya wuce. Har ya rasu bai wuce ba. Jatau kuwa tun yana saurayi ya hau tarakta a gonakin Gadambaliya, daga baya na Simsim, kuma abu guda yake taƙama da shi: bai taɓa kafewa ba. Baƙar ƙasar nan, in ta sha ruwa, takan riƙe taya kamar ɗanko. Don haka ka'idar direbobi ita ce, in an kwana ana ruwa, ka taka bakin gona da dunduniya. In laka ta biyo takalminka, koma ka ɗora shayi. Ko mai gona ya tsaya a kanka yana kumfar baki, shayi za ka ɗora.

Wata damina sai ga Jibril Gado ya sauka a sansanin direbobi daga bayan lori. Ɗan unguwarsu ne da ya tafi Khartum ya zama ɗan jarida, ya tara suma, ya sa baƙin tabarau ko a cikin ɗaki. Babu jaridar da ba ta ɗauke shi ba, babu kuma wadda ba ta kore shi ba. Ya ce ya zo rubuta rayuwar masu aikin gona. Ya ci tuwon dawarsu, ya kwana a gadon Jatau, Jatau ya kwana a ƙasa. Rabin daminar zazzaɓi ya yi, wannan ma ya shiga littafin.

Littafin ya fito da Larabci, sunansa in an juya shi, "Riɗi Ba Ya Jira". A babin ƙarshe akwai direba mai suna Jatau, da sunan ubansa da unguwarsu. Mai gona ya matsa masa, ya shiga gona da safe bayan an kwana ana ruwa, tarakta ta nutse, ta kife, ta danne shi.

Jatau bai iya karatu ba. Labarin ya iso masa ne ranar da dangin matarsa Dije suka zo daga Shuwak yi mata ta'aziyya. Shi ya buɗe musu ƙofa, shi ya shimfiɗa musu tabarma. Sun zauna jim kaɗan, ba wanda ya san gaisuwar da ta dace. Sukarin ta'aziyyar da suka kawo dai ba su koma da shi ba.

Da Jibril ya zo gida hutun salla, Jatau ya tare shi a bakin masallaci.

"Ustaz, me na yi maka?"

"Littafin ne ya buƙaci gawa, ɗan'uwa. Na duba duk sansanin, kai na fi so."

"Gawar ban ƙi ba, kowa zai zama. Amma a laka? Ni? Washegarin ruwa?"

Jibril ya cire tabarau ya goge, ya ce in an sake bugawa zai gyara. An sake bugawa, an kuma sakewa. Kowane bugu Jatau yakan kai wa wani ya duba masa, kowane bugu kuma a ce masa yana nan a ƙarƙashin taraktar.

Mutanen gari ba su taɓa haɗuwa a kan Jibril ba. Ɗalibai suka ce shi kaɗai ya faɗi gaskiya a kan masu manyan gonaki. Masu manyan gonaki suka saye littafin don su ƙona, wanda hakan ya sa aka yi bugu na biyu. Liman ya ce bakin mutumin ba shi da tsarki, kuma yakan kawo misalai daga ka, shafi bayan shafi. Dije ta ce ita ba ta san rubutu ba, abin da ta sani shi ne baƙo ne da ba ya wanke hannu sai an tuna masa. Matasan direbobi kuwa sun samu abin wasa. Duk safiyar da aka tashi da ruwa sai wani ya leƙo: "Marigayi, an sha ruwa jiya. Mu shiga ne?"

Wannan ce ke cin Jatau. Ya daina tuƙi da suna mai tsabta, amma littafi ya fi shi yawo, kuma zai fi shi daɗewa.

Sai Jibril ya rasu a Khartum, bai gyara ba.

Kulob ɗin malaman makaranta ya shirya taron tunawa da shi bayan la'asar, da baƙi daga babban birni da mutanen rediyo. Jatau ya je wurin shugaban kulob ɗin, Ustaz Harisu, wanda kuma shi iyalan marigayin suka damƙa wa sha'anin sabon bugu.

"Magana ɗaya zan yi a lasifika. Ina raye, kuma ban taɓa kafewa ba."

"Baba Jatau, ka san darajarka a wurinmu. Amma babinka za a karanta. Baƙin nan tafiya suka yi mai nisa. In ka miƙe, ka lalata musu babin."

"Ni ne zan lalata?"

"Ka zauna a baya, Baba. Akwai lemo."

Dije ta wanke masa jallabiya, ta ce, "Malam, in ka miƙe ka miƙe sosai, kada ka yi rabi." Ya naɗa rawani, ya tafi da niyyar da an rufe littafi zai tashi, da lasifika ko babu.

Harisu ne ya karanta, kuma yana da murya. Jatau bai taɓa jin babin daga farko ba, ƙarshen kawai yake sa a duba masa. Ashe Jibril ya rubuta yadda yake ɗora kunne a jikin inji kafin ya tayar. Ya rubuta yadda yake ajiye wa kare ɓawon tuwo, da yadda ya bar wa baƙo gado ya ce shi dama ƙasa ta fi masa daɗin baya. Duk gaskiya ne. Sai aka zo kan ruwan, aka zo kan lakar. Wani baƙo mai kwat da ke kusa da shi ya fashe da kuka, ya dafa gwiwar Jatau.

"Ka san shi, ya Haj?"

"Sama-sama," in ji Jatau.

Aka rufe littafi. Jatau ya dafa kujera, ya ɗaga rabin jiki. Daidai nan wani dattijo daga cikin baƙin ya karɓi lasifika ya ce a yi Fatiha ga marigayi Jibril Gado, a haɗa da direba Jatau, Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Hannuwa suka tashi, filin kulob ɗin kaf, har masu leƙe ta katanga. Mutanen gari suka saci kallon baya, amma ba wanda ya sauke hannu. Ba a katse Fatiha. Jatau ya dubi taron. Ya san ranar tasa ta gaske, in aka samu sahu uku an yi ƙoƙari. Ya koma ya zauna, ya ɗaga nasa hannuwan, ya shafa tare da kowa.

Sai da aka watse ana tattara kujeru ya sami Harisu yana naɗe wayar lasifika. Harisu ya fara neman kalmar ba da haƙuri, Jatau ya ɗaga masa hannu.

"Addu'ar nan a bar ta yadda take, Ustaz, na karɓa, kada a janye. Mutuwar ma a bar wa baƙi, tunda suna so. Abu ɗaya nake roƙo: in za ku sake bugawa, don Allah ku bari ƙasar ta bushe kafin ku shigar da ni gonar."