Izinin Rufa Ɗakin Haihuwa

Duk wanda yake son ya san inda ƙasa ta dosa, kada ya ɓata lokaci wajen sauraren jawabin shugabanni. Ya je ya duba yadda take riƙon takarda guda mai hatimi. A nan wayewar al'umma take, a nan mutuncinta yake. Ina faɗin haka ne da ikon wanda ya yi shekaru yana yawo da satifiket ɗin wani a kan cinyarsa.

Bayan na bar koyarwa, na kama aiki a wani ƙaramin kamfanin zanen gine-gine a Doka, a saman bene, ƙasanmu teloli. Maigidan kamfanin, zanen gini ya karanta, amma duk Kaduna Injiniya ake ce masa, har ya gaji da gyarawa. Aikina shi ne in tabbatar kowace jihar da muke aiki a cikinta ta yarda muna nan da rai. Lasisin Maigida na ƙasa ne baki ɗaya. Duk da haka kowace jiha sai ta yi mana rajistarta, kuma sai ta ga satifiket na ainihi, ba hoto ba. Na ainihin kuwa ɗaya ne tak, cikin firam mai gilashi. Sai in naɗe shi a tsohon zanen uwargida, in shiga Fijo a tashar Kawo, in rungume shi. Wata tsohuwa ta taɓa tambayata ko hoton mamaci ne.

A lokacin muna da aikin ɗakin haihuwa a wani gari da ba zan ambata ba. Mutanen garin ne suka haɗa hannu, don sun gaji da ɗora mata masu naƙuda a bayan akori-kura. An duba zanenmu, an buga hatimi, gini ya wuce linta. Har an ɗaga dogon bangon da zai ɗauki rufi, katako da kwano suna jibge a gefe.

Sai wata safiya soja ya yi jawabi a rediyo, aka raba jihar biyu. Garin bai motsa ko taku ɗaya ba, amma ya wayi gari a sabuwar jiha. Abin da sabuwar jihar ta fara yi, tun kafin ta sami kujerun zama, shi ne dakatar da duk kamfanin da ba shi da rajista da ita.

Maigida ya ce da ni, "Malam, bangon nan ba abin da zai riƙe shi sai rufi. In iskar farkon damina ta same shi a tsaye shi kaɗai, zai kwanta. Ka je ka faɗa musu haka."

Na je. Ma'aikatar ayyuka ta sabuwar jihar tana cikin wata firamare da aka ara, darakta yana zaune a ofishin hedimasta, jadawalin darussa yana nan a bango. Na gaida shi, na warware zane, na nuna satifiket.

"Ranka ya daɗe, an riga an ba mu izini. Ga hatimi a kan zanen ginin."

"Hatimin wa?"

"Na ma'aikata, ranka ya daɗe. Sa hannun ma naka ne."

Ya duba, ya ga nasa ne. Ko kunya bai ji ba. "Wancan lokacin ai ina can. Yanzu ina nan. Kawo fayil ɗinku na da."

Na koma tsohuwar jiha. Ashe da aka zo rabon kaya, adalci aka yi irin wanda ban taɓa gani ba ko a littafin lissafi. Motoci aka raba, fankoki aka raba, fayil ma aka raba. Namu kashi biyu ne, na farko ya tafi, na biyu ya zauna. Akawun da na samu ya ce ba zai saki na biyu ba sai mun sabunta rajistarmu da su, kuma sai na bar satifiket na ainihi a wurinsu har kwamiti ya zauna.

Na ce, "Yallaɓai, can ma na ainihin suke nema."

Ya ce, "To ku yi biyu mana."

Ban zage shi ba, kuma har yau ina jin haushin tarbiyyar da ta hana ni. Na bar satifiket, na dawo Kaduna da zane babu komai a ciki. Teloli suka leƙo suna tambaya, "Malam, ina jaririn?"

Haka na yi ta kai da kawo. Shugaban kwamitin garin, wani dattijo mai sayar da hatsi, ya zo har Doka ya ce a ba su dama su rufa da kansu. Maigida ya ƙi, don in aka kafa ƙusa ɗaya bayan dakatarwa, lasisinsa za a soke, na ƙasa baki ɗaya. Dattijon ya ce, "Injiniya, mata ba su san an raba jiha ba." Maigida ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsa ba, ban kuma ga laifin dattijo ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne duk ofisoshin nan ba wanda ya taɓa tambayata ko ginin zai tsaya. Launin fayil aka tambaye ni, da ko muna da ɗan jiha a kamfani, da dalilin da ya sa hoton Maigida babu hula.

Daga ƙarshe kwamitin tsohuwar jiha ya zauna, na karɓo satifiket da rabin fayil, na kai wa darakta tare da sabon naɗin zanen ginin da na ɗaure da zaren teloli. Kwamitin sabuwar jiha ma ya zauna. Aka kira ni, aka miƙo mini izinin ci gaba da aiki, darakta har da yi mini nasiha a kan muhimmancin bin ƙa'ida wajen kare rayukan jama'a. Aka mayar mini da naɗin zanen, an buga masa hatimi daga waje. Ƙullin da na yi a Doka yana nan yadda na yi shi.

Izinin ya ce a rufa ginin ba tare da ɓata lokaci ba. Bangon ya faɗi tun ruwan farko.