Iccen da Aka Dasa wa Kurege

Shekarar da aiki ya ɗauke ni daga Paris zuwa Lyon, na sami ɗaki a Vaulx-en-Velin, a gefen garin. Bayan benenmu akwai lambun unguwa, kowa da ɗan feginsa. Wata tsohuwa Bafaranshiya, maƙwabciyata, ita ke kula da shi. Na roƙe ta wuri don in shuka yakuwa da tattasai. Ta ba ni, ta haɗa mini da wani tsiro a tukunya, bai fi kamu ɗaya ba.

Ta ce asalinsa daga Amurka ne, 'ya'yansa masu ƙwarya mai tauri. Na ce, "Madam, yaushe za mu ci?"

"Mu? Ai na kurege ne da tsuntsaye. Inuwar kuma sai bayan na mutu, wataƙila kai ma."

Na ɗauka faransancina ne ya gaza, na sake tambaya. Ta maimaita a hankali. A Maraɗi inda na tashi, jifar kurege muke yi a gonar gyaɗa.

Na kira kawuna a waya. Bayan gaisuwa ya ce, "Ana miya da ganyen?" Na ce a'a. "Saiwar magani ce?" Na ce ban sani ba. Sai ya tambaye ni ko ina cin abinci sosai.

Na dasa shi. Bazara ta wuce bai ƙara tsawo ba. Tsohuwar ta ce ƙasa yake fara nutsawa. Da sanyi ya shigo ganyensa ya zube, ya zama tsinke. Na yi masa shara, na kwashe busassun ganyen lambun na tara a buhu, ina jiran godiya. Ta zo ta zazzage buhun a gindinsa, tana faɗa, wai bushiya a ciki take kwana. Na tsaya riƙe da tsintsiya, na rasa ko haƙuri zan ba ta.

Duk da haka na ci gaba da ba shi ruwa. Ban san dalili ba.

Yanzu na koma Aubervilliers, kusa da Paris. Kwanan baya tsohuwar ta turo mini hoto a waya, ta rubuta, "Dubi ɗanka." Ciyayi ne da tsinkaye sun cika hoton. Na yi ta faɗaɗa shi a cikin jirgin ƙasa na metro ban gane wanne ne ba. Na amsa mata cewa ya girma.