Haruffa Uku Da Suka Kai Kaka Bakin Kogi

Bari in faɗi laifina da kaina kafin Kaka ta riga ni, don ita gishirinta ya fi nawa yawa. Kwana biyu guguwa da ruwan sama suka yi suna jibgar Bangui. A rana ta uku da asuba saƙo ya shigo wayata daga yayata Balki, wadda ke aure a Kolongo, bakin kogin Ubangi. Da Sango, yaren ƙasar nan, ta rubuta: "Ngu amu ngo ti e." Kaka ta ce in fassara. To Balki cikin wata bakwai gare ta, bayan shekara shida ana jira, kuma a Sango ciki shi ne ngo. Ban tsaya tunani ba na ce, "Ruwa ya tafi da cikinta." Muka kira, waya a kashe. Kaka mayafi kawai ta jawo.

Kilomita Biyar, ƙarfe 5:40

Ana fitowa daga masallacin Koudoukou muna tsaye bakin titi a unguwarmu, Kilomita Biyar. Kaka ta shekara uku ba ta wuce kasuwa ba saboda ciwon gwiwa, amma ga ta da kwando: zuma, kanwa, garin kunu da zane biyu. Ni ne ɗan dako. Mai babur ya ji inda za mu, ya yi dariya.

"Kolongo, Mama? Yau kifi ne kaɗai ke zuwa can."

"Sadiku, gaya masa ya kai ni inda kifin ke lodi," in ji Kaka.

Muka hau mu uku, ni a tsakiya, kwando a kaina.

Yakité, ƙarfe 6:15

Babbar kwata ta cika ta tumbatso. Na ga katifa tana tafiya ita kaɗai da kaza a kai, kazar na ƙare wa gari kallo kamar ta biya kuɗin mota. A kan wata bishiyar mangwaro kwanon rufi uku ne a maƙale, a ƙasa kuma mutum biyar na rantsuwa kowa nasa ne. Na so mu tsaya in ga yadda za a raba, Kaka ta mintsine ni.

Pétévo, ƙarfe 7:30

Kilomita huɗu kacal, amma sai da muka ci kusan awa biyu. A nan babur ya tsaya. Samarin unguwa sun ja igiya suna nuna wa mutane inda rami yake a ƙarƙashin ruwa. Muka ɗauki puspus, amalanken da ake dakon rogo da shi, aka ɗora Kaka a kai.

"Kaka, kin yi kyau. Saura a ɗaure bakin buhu."

"Mijin banza, tura! Ko amalanke ba ka iya saya mini ba."

Sai kuma na ga leɓenta na motsi, tana jan carbi a ƙarƙashin mayafi.

Abin da ya ɗaure mini kai: tun jiya sama ta ɗauke, amma ruwa ƙaruwa yake. Na tambayi wata mai suyar makala, fanken nan namu, da ta ɗora murhunta a kan tebur. Ta ce kogi ne ya ƙoshi, ya ƙi karɓar ruwan kwatoci, shi ne suke dawo da shi gida. Ta nuna mini gidajen tubalin laka, daga ƙasa suke narkewa, sai bango ya zauna a hankali kamar tsoho ya gaji. Ta kuma ce kada mu sha ruwan rijiya, rijiya da masai sun zama 'yan ɗaki ɗaya.

Kolongo, ƙarfe 9:10

Gidan su Balki ruwa har taga, ba kowa. Kaka ta dafe ƙirji. Wani maƙwabci da ke tsamo tukwane ya ce duk an koma makarantar da ke kan tudu.

A aji na biyu muka same ta, zaune a kan benci, cikinta ya kusa riga ta fitowa ƙofa, tana cin mangbere, rogon nan da ake dafawa a ganye. Kaka ta sauka daga amalanke ba mai taimako, ta ɗora tafi biyu a kan cikin. Abin ciki ya harbe ta.

"Balki, wannan fa?"

"Wanne, Kaka?"

"An ce ruwa ya tafi da shi!"

Balki ta dube ni. "Kai, Sadiku! Kwalekwale nake nufi! Kwalekwalen Yaya Isa!"

Shi ma kwalekwale ngo ne. A baki murya ce ke raba su, a waya kuwa haruffa ukun nan ne dai. Kaka ta yi kuka, ta yi dariya, sannan ta cire silifa ta bi ni har aji na huɗu. Gwiwar nan ta warke sarai.

Kowa a ajin ya yi dariya ban da Yaya Isa, mijin Balki. Da wannan kwalekwalen yake haƙo yashi a kogi, da shi suke ci. Ya ce igiya biyu ya ɗaure shi da su, ruwa ya tafi da shi har turken.

Gida, ƙarfe 2:20

Kaka ta ce Balki ba za ta kwana a benci ba. Su biyu a amalanke, ni da mai puspus muna turawa har Pétévo, daga nan tasi. Mun gode Allah, mun gode wa samarin igiya da mai makala, wadda ta ƙara mini biyu don na iya tambaya.

Bayan wata biyu Balki ta haifi 'ya mace a ɗakin Kaka. Kwalekwalen ba a gan shi ba. Yaya Isa a na wani yake aiki yanzu.