Ƙwallayen Dabinon Baba

Jiya bayan Juma'a, a ƙofar masallacinmu na unguwar Concourse Village, ɗan Baba Liman da mijin 'yar Baban suka wuce juna ba sallama. Tun rasuwar Baba suke jayayya kan wa zai gaje shi a limanci. Sai na tuna wata Asabar a kicin ɗin Baba.

Lokacin tarihin halifofi ya shiga raina sosai, komai a waya nake koya. Na faɗo masa da zumuɗi: "Baba, na gano mai gaskiya a yaƙin farko tsakanin sahabbai!"

Shayin citta na tafasa, hitar ɗumama ɗaki na ta huci. Ya gama cin dabinonsa, ya jera ƙwallayen a tebur kamar yadda ya saba. "Wannan surukin wannan ne. Wannan ɗan gwaggon wannan. Wannan kuma matar Manzon Allah ce, uwar dukansu." Ya turo min su, suna danƙo. "To malamin waya, ɗauki wanda za ka zubar."

Na kasa.

"Ka karanta wa ya ci yaƙi," in ji shi, "ba ka karanta matan da suka shiga takaba a kowane ɓangare ba."

Yanzu kowa na ja na in zaɓi gefe, kuma wallahi bakina na ƙaiƙayi. Amma Anti, 'yar Baba, ta daina zuwa masallaci. Ba ta san bayan wa za ta yi salla ba, mijinta ko yayanta.

Allah ya haskaka kabarin Baba, ya daidaita mutanen nan tun Anti ba ta rasa ɗayansu ba.