Gwangwani Uku na Riɗi a Hannun Taubashina

Ranar da nake ba da labarinta, abin da na sa a gaba ke nan: buhu ɗari huɗu na riɗi jibge a sito biyu a Kankiya, waɗanda na tara tun kaka daga Bauranya da Kaikai da Sukuntuni, biza mai sauran kwana huɗu a ƙasar Sin, ganawa ɗaya tak da wata mai kamfanin matsar mai, sai ƙulli biyu na samfur, kowanne awon gwangwanin madara uku. Shekara goma sha bakwai ina sayar wa manyan dillalan Kano, su tura waje su ci tsoka su bar mani ƙashi. Wannan karon na ce da ƙafata zan je.

Samfurin tun daga gida na aika shi ta kamfanin aika saƙo da takardunsa, na karɓe shi da muka sauka, don ba a barin mutum ya shiga ƙasar da iri a jaka. In ya salwanta, sai mako uku kafin wani ya iso.

Ƙullin biyu kuma ba ɗaya ba ne. Na farko, matan gidana suka zauna kwana biyu da faifai da tire suna tsince shi ƙwaya ƙwaya, ya fito fari tas. Na biyu, hannu na zura a buhu na ɗebo yadda Allah ya yi shi, da ƙurarsa da ɗan yashinsa. Niyyata in nuna na farko a yanke farashi a kansa, in nuna na biyu in ce wannan shi ne na talakawa. Gaskiya kuwa duk buhu ɗari huɗun na biyun ne. Na dai yi shirin kai su injin tacewa, amma inji bai taɓa yin aikin yatsun mata ba. Duk wanda ya taɓa kai samfur kasuwa ya san abin da nake faɗa, ko zai yi shiru.

Abokin tafiyata taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, tsohon malamin makaranta daga Kusada. Turancinsa na ɗauko, don nawa bai wuce na lissafi ba. Ya girme ni da shekara biyu, amma ni ne ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka tun muna yara bawana nake ce masa. Da safiyar nan a Shenzhen, da muka fito daga otal, na miƙa masa jakar da samfurin ke ciki.

"Riƙe nan, bawa. Ina ka taɓa ganin ubangida da kaya a hannu?"

"Ubangidan da bai iya tambayar banɗaki ba sai da ni," in ji shi. Ya rataya jakar.

Wakilin kamfanin, wani Basine gajere mai furfura, shi ya zo ɗaukarmu. Ya ce kamfanin yana Zhuhai, ƙetaren ruwa, kuma uwar ɗakinsa ba za ta gan mu ba sai ƙarfe biyar. Kafin nan an umarce shi ya ciyar da mu, ya nuna mana gari. Na gane wannan. Mu ma in baƙon ciniki ya zo Kankiya, fura da gasasshiyar kaza muke fara dasa masa, don cikakken ciki ba ya iya taya kaya da kyau.

Ya kai mu wani ɗan shagon taliya na Musulmi, masu fararen huluna. Wani ƙato yana jan kwaɓin fulawa da hannu, ya ninka, ya ja, ya ninka, har ya koma zare. Aka kawo mana a kwano da romon naman sa, da tsinke biyu na ci. Na yi kokawa da tsinkayen nan har taliya ta fara tausaya mani, sannan na nemi cokali mai yatsu na ci abina. Taubashina ko kallon kwanon bai yi ba.

"Wa ya ga yankan?" in ji shi.

"Ba ka ga hulunansu ba? Ga sunan Allah can a bango."

"Hula ai ko kai kana sawa."

Kwanansa shida ke nan a kan dafaffen ƙwai da ayaba. Kilishin da ya taho da shi an karɓe a filin jirgi, kuma tun ranar yake jin haushin ƙasar gaba ɗaya. Na cinye nawa, na jawo nasa na cinye, don kada mai masauki ya ji kunya.

Daga nan sai tashar jirgin ruwa. Mu mutanen da babban ruwanmu shi ne dam, in ya kawo wa mutum wuya a yi ta labari har shekara ta zagayo. Na zaci kwalekwale ne babba. Ashe gida ne guda mai kujeru kamar na jirgin sama, da sanyi, da talabijin. Wakilin ya zaunar da ni kusa da taga, taubashina ya zaɓi can baya, wai ba ya son ganin ruwan. Tafiyar kamar awa ɗaya ce. Muka wuce jiragen dakon kaya masu tsawon unguwa, na riƙa lissafin buhu nawa ɗaya zai ɗauka har lissafin ya ƙi ni. Can wakilin ya nuna mani wata gada da aka shimfiɗa a kan teku, ba ka ganin farkonta balle ƙarshenta. Na tuna kwalbatin hanyar Kaikai da aka ƙaddamar sau biyu da kiɗa da jawabi, har yau damina in ta sauka sai an sauke kaya an ɗauka a ka.

Na waiga in nuna wa bawana gadar. Na hango shi ya rungume jaka a ƙirji, bakinsa yana motsi. Na ce a raina, Allah sarki, tsoro ya sa malam tasbihi. Har na ɗan ji tausayinsa.

A Zhuhai aka wuce da mu gidan cin abinci a bakin teku. Nan abincin yana raye yake jiranka a cikin akwatunan gilashi, ka nuna wanda kake so a kamo. Aka zaunar da mu a tebur mai faranti yana juyawa a tsakiya. Aka kawo shayi da wani kwano babu komai. Na tsiyaya na kai baki, sai na ga wakilin yana wanke kofinsa da tsinkayensa da shayin yana zubarwa a kwanon. Ruwan wanke-wanke na sha. Taubashina ya yi dariya har da hawaye, ita ce dariyarsa ta farko a ƙasar.

"Sha, ranka ya daɗe! Sai na ba da labarin nan a majalisa."

Aka jero kifi, da ƙaguwa, da jatan lande da gashin bakinsu, da ganye iri uku. Na ci kifin, ya yi daɗi ƙwarai, na gwada sauran don kada a ce ɗan Kankiya ya ji tsoro. Shi kuwa ya ja kujera baya.

"Waɗanga ai ƙwari ne."

"Kai da kake cin fara kwano guda da yaji a bakin tashar Kusada?"

"Fara tamu ce, na san gonar da ta ci. Wannan mi ya ci?"

Wakilin ya damu, ya tambaya ko abokina ba shi da lafiya. Taubashina da kansa ya fassara tambayar, ya kuma ba da amsa da Turanci cewa cikinsa a cike yake. Na lura ya kwashi 'yan ƙunshin sukari daga tebur ya zuba a aljihu. Ban kawo komai ba, don malaman makaranta ba sa wuce abin kyauta.

Bayan mun haɗa azahar da la'asar a wani lungu, aka shiga yawon gari. Aka kai mu kallon wata mace ta dutse tsaye a cikin ruwa, ta ɗaga wani ƙwallo sama. Mutane cike, kowa yana ɗaukar hoto. Na tambaya me ta yi. Aka ba ni dogon labarin soyayya. Na ce to, Allah ya ba da lada. Aka kai mu wani gini mai siffar ɓawon kawa, aka ce nan ake waƙa. Abin da ya tsaya mani a rai dai shi ne titin: na yi tafiyar rabin awa ina neman leda ɗaya a ƙasa ban samu ba. Taubashina yana biye da mu a baya, can na ga tsuntsaye sun kewaye shi yana watsa musu wani abu. Na ce ikon Allah, ko tsuntsun Sin ya san mai yunwa.

Ƙarfe biyar aka shigar da mu ofis. Mai kamfanin tsohuwa ce 'yar firit, da takalmin roba, in ka gan ta a hanya sai ka ba ta sadaka. Ba ta ɓata lokaci ba. Ta tura farin faranti gabana.

Na karɓi jaka na zuge. Ƙulli ɗaya na nan yadda yake. Ɗayan, na matan gidana, leda ce kawai da ɗan abin da bai cika cokali ba, shi ma ya cakuɗe da sukari.

Na dubi taubashina. Ya dube ni, ko gezau.

"Ina riɗin?"

"Na ci."

"Ka ci."

"Tun cikin jirgi. Shi kaɗai ne abin da na san asalinsa a ƙasar ga. Ai na bar maka ɗaya."

"Don me ba ka ci ɗayan ba, la'ananne?"

"Wancan? Duk yashi ne. So kake in karya haƙori a ƙasar mutane?"

Da wani ne, da sai an raba mu. Amma taubashi in ya ɗauki kayanka ba ka da inda za ka kai ƙara, dariya za a yi maka tun daga gida har gaban mai unguwa. Kuma ni na rataya masa jakar da hannuna. Tsohuwar ta tambayi me muke cewa. Ya juya ya ce mata da Turanci wai addu'a muke yi kafin ciniki.

Na zazzage na biyun a faranti. Ta baza shi da yatsa, ta kaɗa farantin yashi ya taru gefe, ta ɗebi kaɗan ta tauna, daidai yadda muke yi ranar kasuwa. Ta sa aka tafi da sauran ɗakin awo. Da aka dawo da takarda ta ce man da ke cikinsa ya yi, amma datti ya yi yawa. Ta faɗi farashinta. Na ja, ta ja, na tashi tsaye kamar zan tafi, ta ci gaba da shan shayinta don ta san jirgin ƙarshe nake jira. Muka daidaita ƙasa da abin da na zo da shi a rai. Sannan ta sa aka rufe ragowar samfurin a kwalba, aka manna takarda, ni da ita muka sa hannu a kai. Ta ce in kaya ya iso za a buɗe kwalbar a gwada. In ya kai wannan, ta karɓa. In bai kai ba, ya zauna a tashar ruwa in zo in kwashe abina.

Na daɗe ina kallon kwalbar nan. Ban san da wannan al'ada ba. A Kano samfur ana taunawa ne a tofar, in kaya ya zo a yi ta rantse-rantse har a gaji a raba asara.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Na yi asarar abin da ya kai buhu ɗaya a cikin kowane sha biyu, da aikin kwana biyu na matan gidana, waɗanda har yau ban gaya musu cikin wa ya tafi ba. Na samu kaya ya shiga ba gardama, don bayan inji ya fi na kwalbar kyau, kuma da kaka ta zagayo tsohuwar ta sake nema. Da farin ne a kwalbar, da buhu ɗari huɗu suna can bakin teku suna jirana. Ba tsoron Allah ne ya sa na yi cinikin gaskiya ranar ba, yunwar mutumin Kusada ce, kuma yana bin majalisu yana cewa shi ya kafa ni a Sin. Abin da ya rage mani na huce haushi ɗaya ne: ɗanyen riɗi kusan gwangwani uku a cikin da ya kwana shida ba abincin kirki. Awa ɗaya muka yi a jirgin komawa, bai zauna a kujerarsa minti biyar ba, sai zaryar banɗaki. Wannan na sa shi a gefen riba.