Hannun Da Na Roƙi Allah Ya Busar

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na iya rubuta ta, kuma ba zan kama sunan kowa ba, har nawa.

A lokacin da abin ya faru ni magidanci ne mai 'ya'ya uku, ina zaune a Takur cikin Dutse, ina riƙe da makarantar Alƙur'ani da mahaifinmu ya bari. Ina da ɗan shago a bakin titi inda nake sayar da littattafan addini da turare, kuma idan limamin unguwarmu ya yi tafiya ni nake jan sallah. Ni mai ra'ayin riƙau ne, ban taɓa ɓoyewa ba. Ina ganin gwamnati ta cika zura hannu a aljihun talaka, tarbiyya kuma kullum sai zubewa take yi, na kuma sakankance ɗan takarar da nake so a zaɓen shugaban ƙasa shi zai gyara. Bai ma san ina duniya ba, amma yadda nake kare shi a bakin shago sai ka rantse ciki ɗaya muka fito.

Da aka faɗi sakamako ya sha kaye, sai na koma kamar wanda aka yi wa rasuwa. Haushina bai tsaya kan wanda ya ci ba, kan masu zaɓe ya fi sauka. Duk wanda ya zo sayen turare sai ya sha wa'azi, cewa mutane sun sayar da 'yancinsu a kan taliya da sabulu, gobe kuma su ne kan gaba wajen kukan tsadar rayuwa. Maiɗakina ta sha ce mini in sassauta tunda zaɓe ya wuce, ban ji ba. Ana cikin haka, wata Laraba da hantsi masu karɓar haraji suka zo shagona, suka ce akwai takardar da ban sabunta ba. Muka yi cacar baki, suka datse ƙofar da kwaɗo a gaban mutane suka tafi. Yanzu na san wannan harajin da ma can yana nan, ba shi da haɗi da wanda ya ci zaɓe, amma a ranar ba wanda ya isa ya gaya mini haka.

A ranar liman ba ya gari, ni na ja La'asar. A masallacinmu bayan sallama akan ɗan zauna, wanda ya ja sallah ya yi addu'a jama'a su amsa. Na fara kamar kullum, neman gafara da zaman lafiya da damina mai albarka. Sai rufe shagon ya faɗo mini a rai, muryata ta canza. Na roƙi Allah Ya isar mana a kan azzalumai, aka amsa da ƙarfi. Da na ji haka sai na zarce, na ce duk hannun da ya dangwala wa mutumin nan ƙuri'a ya jefa mu cikin wannan hali, Allah Ya busar da shi. Wasu suka ce amin, wasu suka yi shiru, wani dattijo a sahun gaba ya sauke hannuwansa bai shafa ba ya tashi ya fita. Ban san akwai wanda ya naɗi muryar ba, sai washegari na ji tana yawo a wayoyin mutane, ana yaba mini wai malam ba ya tsoro. Kuma na ji daɗin yabon, wallahi na ji.

Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, tun bayan rasuwar mahaifinmu ta koma ƙauyensu a ƙasar Buji, tana zaune da ƙanwata tana kiwon 'yan awakinta. Kamar mako uku bayan addu'ar, ina tsakiyar karantarwa da safe ƙanwata ta kira tana kuka, ta ce Inna ta faɗi wajen ba awaki dusa, bakinta ya karkace. Aka ɗauko ta zuwa asibiti a Dutse. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, ɓarin dama, sanadin hawan jinin da ya daɗe ba a kula ba. Na ɗaga hannunta na dama, ya koma ya faɗi kan zane. A lokacin ban kawo komai a raina ba. Sai da muka fito baranda ƙanwata take gaya mini cewa ko ranar zaɓe ma sai da Inna ta yi jiri a layi, amma ta ƙi komawa gida sai ta dangwala. Na tambaye ta wa ta zaɓa, har da ɗan murmushina, don na tabbata nawa ne. Ta kawar da kai. Ta ce matan ƙauyen duk wanda ya ci ɗin suka yi, saboda mutanensa ne suka haƙa musu rijiyar burtsatse, Inna kuma ta ce ba za ta sha ruwan mutum sannan ta juya masa baya ba.

Nan take na zauna a ƙasa. Duk wanda ya tashi a gidan malamai ya san yadda muke ɗaukar addu'ar da aka yi bayan farilla jama'a suka ce amin. Ni da kaina na sha gaya wa ɗalibai su kiyayi bakinsu, don ba a san sa'ar da za a amsa ba. Na yi kwanaki ba na iya cin abinci. In na ɗaga hannu zan roƙa mata lafiya sai harshena ya yi nauyi, in ce da wane bakin. Na daina jan sallah, na ce wa liman maƙogwarona ke ciwo. Duk sanda wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, in ɗauka za a ce ta cika. Abin da ya fi firgita ni shi ne ta rasu ba ta yafe mini ba, in tsaya gaban Allah a matsayin wanda ya yi wa mahaifiyarsa mugun baki. Ga kuma tsoron in faɗa mata jinin ya ƙara hawa, in ƙarasa ta da kaina.

Da abin ya ishe ni na je wajen Baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda ya fi ni karatu nesa ba kusa ba, na kwance masa komai. Bai rarrashe ni ba. Ya ce cuta da lafiya na Allah ne, likita kuma ya faɗi sababi, in daina ɗaukar kaina wani waliyyi da bakinsa ke shanye mutane. Amma ya ce laifin yana nan daram ko addu'ar ta ci ko ba ta ci ba, tunda na yi wa bayin Allah fatan sharri har na ja wasu suka taya ni. Ya ce in tuba, in janye maganar a gaban jama'a yadda na faɗe ta a gabansu, sannan in je in durƙusa wa Inna. Na yi na farko da na biyu, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ukun sai da aka sallame ta, maganarta ta fara dawowa, aka kawo ta gidana jinya.

Wata rana da yamma maiɗakina ta gama ba ta kunu ta fita ta bar mu. Na durƙusa na fara bayani ina kame-kame, hawaye na zuba. Inna ta ɗaga hannun hagu ta tsayar da ni. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana.

"Malam ƙarami, na ji ta tun satin da ka yi," in ji ta, maganar na fita da ƙyar. "A wayar maƙwabciyarmu aka kunna. Na gane muryarka."

Na tambaye ta me ya hana ta kira ni ta yi mini faɗa. Ta ce, "Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ji tsoron in buɗe baki a lokacin, abin da zai fito ya kama ka." Daga nan ta ce ta yafe mini duniya da lahira.

Inna tana nan da ranta, tana takawa da sanda, amma hannun bai dawo ba. Ra'ayina na siyasa bai canza ba, harajin ma har yau yana ci mini tuwo a ƙwarya. Abin da na gane shi ne masu zaɓen da nake ta zagi a dunƙule ba wasu baƙi ba ne, kowa da dalilinsa, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi ko ɗaya ba. Ina roƙon duk wanda ɗan takararsa ya faɗi, musamman wanda ake miƙa wa lasifika a masallaci, ya bari zuciyarsa ta huce kafin ya ɗaga hannu. Masu amsa amin ma su riƙa sauraron abin da suke amsawa. Inna da take da haƙƙin ta yi mini baki ta danne nata don kada ya same ni, ni kuwa na saki nawa ban tambayi wa zai samu ba. Yanzu ni nake zuba mata ruwan alwala ina wanke mata hannun.