Mai Biro Uku a Mashayar Susanna

Duk Asabar wani malamin jami'a kan yi bayanin kimiyya a mashayar Madam Susanna da ke Ajilari, inda Dzarma kan zo ya saurara. Yau zancen janyewar Tafkin Chadi yake yi, amma idon Dzarma yana kan wani mutum mai kwat cikin wannan zafi, biro uku a aljihu, yana gyaɗa kai tun malamin bai kai aya ba. Da gani akawu ne da ba a neman shawararsa a ofis.

Mai kwat ɗin ya miƙe zai yi tambaya, sai Madam ta shige ciki. Ya tsaya yana ta gyaran murya har ta fito. Ashe ba tafki ya kawo shi ba.

"Oga, zauna mana," in ji ta, "ka tare wa mutane fanka."